Little Nightmares: Wasan da ya ƙware a tsoratarwa, ya gaza a wurin kisa

Wani abokin aikina, wanda teburinsa ke fuskantar nawa shekara shida ke nan, ya miƙo mini wayarsa ranar wata Alhamis bayan an tashi daga taro, ya ce, "Malam, kai da ka san kan waɗannan abubuwa, duba mini wannan. Yaron wajena ya hana ni sakat, wai sai na saya masa." A fuskar wayar hoton wata 'yar mitsitsiyar yarinya ne, sanye da rigar ruwa rawaya, tana riƙe da 'yar wuta a tsakiyar duhu. Yaron nasa shekararsa tara. Shi kuwa uban, ganin rigar da ƙanƙantar mai rigar, ya ɗauka irin katun ɗin nan ne da ake kunna wa yara da safiyar Asabar. Na ce masa ya dakata tukuna. Amsar da na ba shi a tsaye gajeriya ce, kuma tun a hanyar gida na ji ban yi wa wasan adalci ba, domin ya cancanci a faɗi abin da ya iya da abin da ya kasa.

Sunan wasan Little Nightmares, ma'ana ƙananan munanan mafarkai. Wani kamfani mai suna Tarsier Studios da ke birnin Malmo na ƙasar Suwidin ne ya ƙirƙire shi, kamfanin Bandai Namco na Japan ya fitar da shi kasuwa a watan Afrilun 2017, a kan kwamfuta da PlayStation 4 da Xbox One. A 2018 ya isa Nintendo Switch, a ƙarshen 2023 kuma ya sauko wayoyin hannu, kuma ta wannan ƙofar ce ya shigo gidajen irinmu. Kafin nan mutanen Tarsier sun yi aiki a kan LittleBigPlanet, wasan yara mai 'yan tsana na ƙyalle, kuma wannan hannun nasu na iya zana abu mai ban sha'awa shi ne ya yaudari abokina. Da aka fara sanar da wasan a 2014 sunansa Hunger, wato Yunwa. A ganina da sun bar masa wannan suna, da ya fi faɗin gaskiyarsa.

Yarinyar sunanta Six, wato Shida. Tana farkawa ne a cikin wani akwati, a can ƙasan wani ƙaton jirgi da ke cikin teku, wanda ake kira Maw, kalmar da ke nufin bakin dabba mai haɗiye abin da ya shiga. Ba ta da makami, ba ta da takalmi, ba abin da ta mallaka sai laita. Aikin mai wasa shi ne ya fitar da ita daga ƙasan jirgin zuwa samansa, ta babi biyar: kurkuku, mazaunin Mai Gadi, kicin, ɓangaren Baƙi, sai ɗakunan Uwargida. Hanyar kuwa gudu ne, da tsalle, da hawa, da ɓuya, da warware 'yan ƙulle-ƙullen da ke tsakaninta da ƙofa ta gaba.

Abu na farko da wasan ya yi nasara a kansa shi ne girma da ƙanƙanta. An gina komai na jirgin domin manya, kuma manyan nan sun wuce misali. Mariƙin ƙofa ya fi ƙarfin tsayinta, sai ta jawo kujera da dukan ƙarfinta ta hau, ta yi tsalle ta rataya a jikinsa kafin ya juya. Mabuɗi kaya ne da take runguma da hannu biyu, kuma muddin tana ɗauke da shi ba ta iya hawa komai. Aljihunan kabad su ne matakalarta. Duk wanda ya tuna lokacin da yake leƙen saman tebur da ɗage, ko lokacin da muryar babba daga tsakar gida take sa cikinsa ya ɗuri ruwa, zai gane inda aka dosa. Masu wasan sun ɗauki wannan tsohon tsoro na yarinta, wanda yawancinmu muka binne, suka gina masa gida mai hawa biyar. Kujerar da na ambata ma, tun a mintunan farko, tana ƙarƙashin ƙafafun wani mutum ne da ke rataye daga rufi. Ba a nuna fuskarsa, ba a yi masa kiɗan tashin hankali. Kujerar kawai kake bukata, sai ka ja ta ka wuce, kuma sai ka yi nisa kafin ka ankara da abin da wasan ya sa ka aikata.

Daga farko har ƙarshe ba wanda ya furta kalma ɗaya. Babu mai ba da labari, babu wasiƙar da aka yar a ƙasa domin a bayyana maka tarihin wurin, kamar yadda wasannin ban tsoro da yawa suka saba. Kunne da ido ne ke yin aikin duka. Jirgin yana tangaɗi a hankali, hoton yana karkata tare da shi, gwangwani ya gangara ya dawo, ƙarfe ya yi ƙara daga wani wuri da ba ka gani. Babin Mai Gadi ne ya fi cin moriyar wannan. Shi makaho ne, fatar goshinsa ta zazzago ta rufe idanunsa, ƙafafunsa gajeru, hannayensa kuwa dogaye ne har suna iya laluben saman kabad da ƙarƙashin gado ba tare da ya motsa ba. Tun da ba ya gani, da ji yake farauta. In ka taka darduma ka tsira, in ka taka katakon daɓe ya yi ƙara, sai ka ga kansa ya juyo. Na kama kaina ina riƙe numfashi a falona, kamar numfashina ne zai tona asirin yarinyar. Wasan da ya sa magidanci mai furfura ya yi haka ya yi abin da ya zo yi.

Akwai wani ɗaki da ba na mantawa, wanda aka cika da takalma har sun zama kamar tafki, yarinyar tana nutsewa a cikinsu tana kutsawa, wani abu da ba a taɓa nuna shi ba yana bin ta ta ƙarƙashi. Wanda ya taɓa ganin hotunan tarin takalman da aka adana a gidan tarihi na Auschwitz ba ya bukatar a gaya masa me ake nufi da takalmi ba mai shi. Daga nan sai kicin, inda tagwayen kuku, masu fuska kamar an ɗora musu ita ne daga baya, suke saran nama suna tari, ga ƙunshe-ƙunshe na isowa a kan ƙugiyoyi daga inda Mai Gadi yake naɗe yara. Ba a ce maka ga abin da ke cikin tukunya ba. Kai ne za ka haɗa biyu da biyu, kuma abin da zuciyarka ta haɗa ya fi duk abin da za su zana muni.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga wanda ya tashi da tatsuniya. Kakanninmu ba su cika tsayawa siffanta Dodo ba, sukan bar duhun tsakar gida ya ƙarasa musu aikin, kuma a tatsuniya ma ƙaramin da ba shi da ƙarfi da wayo yake kuɓuta. Inda hanya ta rabu shi ne, Auta yakan dawo gida yana nan a Autansa. Shida ba ta fita daga jirgin nan a yadda ta shige shi ba. Wanda yake son ya buga wasan ba tare da ya san ƙarshensa ba, ya tsallake sakin layi biyu masu zuwa.

Sau biyar yunwa take kama ta. Kana cikin tafiya sai ta dafe ciki ta durƙusa, cikin yana ƙugi, hoton yana dusashewa, ba ta iya gudu ba ta iya tsalle har sai ta ci wani abu. Karo na farko wani yaro ne daga bayan ƙarafa ya jefo mata guntun burodi. Na biyu ɗanyen nama ne da aka ajiye cikin keji, tarko ne kuma ta sani ko ba ta sani ba, ta shiga. Na uku ɓera ne mai rai da tarko ya kama. Na huɗu shi ne wanda ya sa na ajiye na'urar na ɗan zauna shiru. A cikin jirgin akwai wasu 'yan halittu masu tsinin kai da ake kira Nomes, matsorata ne, ba sa cutar da kowa, kuma wasan ya koya maka cewa in ka kama ɗaya za ka iya rungumarsa. Awa uku kana rungumarsu, su kaɗai ne abin tausayi a wurin. Sai ga ɗaya daga cikinsu ya ga yarinyar tana murƙususu, ya miƙo mata naman da ke hannunsa. Ta bar naman, ta cinye shi. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, amma ban taɓa jin nauyin maganar ba kamar a wannan daren, domin da yatsana na tura ta zuwa gare shi, ina zaton naman za ta karɓa.

Karo na biyar Uwargidan jirgin ce da kanta, mai farin marufin fuska da shigar matan Japan na da, wadda ta farfasa madubin gidanta domin ba ta iya kallon kanta. Shida ta samo madubi guda da ya tsira, ta karya ta da shi, sannan yunwa ta taso. Bayan ta ci, sai ta gaji ƙarfin matar, ta ratsa ɗakin cin abinci a hankali, Baƙin da suka so haɗiye ta ɗazu suna zubewa matattu dama da hagu, ta hau matakala zuwa hasken rana. Mai wasa ya yi nasara, amma bai san ko ya ceci yarinya ba ne ko ya saki wata sabuwar Uwargida cikin duniya. Wannan tambayar ita ce dukiyar wasan, kuma ba a yi ta da baki ba.

Su Baƙin nan sun cancanci a tsaya a kansu. A wani wuri yarinyar tana fita bayan jirgin, sai ka hango su a jere suna hawowa, ƙattai masu taiɓa, sanye da kwat, suna jan jiki da ƙyar, Uwargida tana kallonsu daga bene. A ciki kuwa ci kawai suke yi, da hannu biyu, ba ɗanɗano ba ƙoshi, kuma da sun ga yarinyar sai su watsar da abin da ke gabansu su rarrafo a kanta, suna tattake juna. Dukan wahalar da ka gani a ƙasa, kurkukun da ƙugiyoyin da tukwanen, domin wannan teburin ake yinta. Masu karatun wannan shafi da yawa sun san yadda liyafa take daga ɓangaren da ake tsayuwa da fayil a hannu, don haka ba sai na ja zancen ba. Abin da zan ce kawai, wasan ya fahimci cewa wanda ke ƙasa ba tsarkakakke ba ne don yana ƙasa, yunwarsa ce ba ta samu tebur ba tukuna.

To, duk wannan yabo ne, kuma na yi shi da zuciya ɗaya. Matsalar tana farawa ne daga lokacin da ka daina kallo ka koma ga yatsunka.

Kana kallon kowane ɗaki ne daga gefe, kamar an yanke bangon gidan 'yar tsana. Amma yarinyar ba hagu da dama kaɗai take tafiya ba, tana iya matsowa kusa da kai ko ta nutsa can ciki. A fili wannan ba laifi. A kan siririn katako ko bututu da ke saman rami kuwa, cikin duhu, ido ba ya iya auna ko tana tsakiya ko tana gefe. Sai ka ga kana tafiya lafiya lau, ba dodo ba gudu, yarinya ta zame ta faɗa. Ko ka yi tsalle zuwa ga igiya da ke gabanka ƙiri-ƙiri, ka wuce ta gefenta da tazarar da ba ka da hanyar gani. Ga kuma madannin kamu, wanda dole ka danne shi a daidai lokacin, wani sa'in ya kama, wani sa'in hannunta ya shafi bakin katako ya wuce. A lissafina, faɗuwa irin wannan ta kashe mini Shida fiye da Mai Gadi da tagwayen kuku a haɗe. A waya kuwa, inda babban yatsa ke shafar gilashi ba tare da jin komai a ƙarƙashinsa ba, abin ƙaruwa yake yi.

Wani zai ce ai kowane wasa da mutuwa a cikinsa, a sake gwadawa mana. Gaskiya ne ga wasan ƙwallo ko na tsere. Wasan tsoro kuwa jarinsa ɗaya ne, wato ka yarda cewa kamun nan bala'i ne. Karon farko da kuku ya hango ni ya yi kururuwa ya biyo ni, zuciyata ta buga. Karo na biyu ma haka. A karo na bakwai, bayan na gane cewa ba wayona ne ya gaza ba, ƙafar tebur ce da ban iya gani ba take tare ni, sai kukun ya tashi daga dodo ya koma ma'aikacin da ke dawo maka da takarda saboda kuskuren da ba naka ba. An tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani yau da gobe. Duk mutuwar banza tana cire wani abu daga kwarjinin da masu zane da masu sauti suka sha wahalar ginawa, kuma wannan ce babbar hasarar wasan: sashe ɗaya na aikin yana cin amanar ɗaya sashen.

Wuraren guje-guje sun fi fama da wannan. Sau da yawa ba yadda za a yi ka san inda za ka bi sai an kama ka tukuna, ka haddace, ka dawo. Zangon da wasan ke mayar da kai bayan mutuwa ma ba shi da tsari, wani lokaci bakin ƙofar da ka mutu, wani lokaci ɗakuna biyu a baya, ka sake jan akwatin da ka riga ka ja. A na'urorin da ya fara fita a kansu, musamman Switch, jiran lodi bayan kowace mutuwa ya isa mutum ya duba saƙonnin wayarsa, kuma wanda ya duba saƙo ya riga ya fita daga jirgin.

Ƙulle-ƙullen kansu ba su da zurfi. Nemo mabuɗi, jawo akwati, jefa wani abu ya bugi maɓallin lif. Guda ɗaya ne ya tsaya mini a rai, inda za ka zuba nama a injin niƙa, ya fito a ɗure cikin hanji kamar igiya, ka kama shi ka yi lilo ka tsallake, kana sane da irin naman da wataƙila ka niƙa. A nan wasa ƙwaƙwalwa da ƙyama sun zama abu ɗaya, kuma da an samu irinsa goma da ba na wannan ƙorafi. Karon ƙarshe da Uwargida ma, duk da kyawun hotonsa, maimaici ne: tsaya cikin haske, juya madubi, sake.

Ba za a yi wannan magana ba a ambaci kamfanin Playdead na ƙasar Denmak ba, masu Limbo na 2010 da Inside na 2016, waɗanda a kan turbarsu Little Nightmares ya taso. Su sun tsare yaronsu a kan layi ɗaya, hagu da dama, ba shiga ciki. Saboda haka a Inside in ka mutu ka san laifinka ne, kuma kafin ka ƙifta ido an dawo da kai kusa da inda ka faɗi. Masu kare Tarsier suna da hujja mai ƙarfi a nan, kuma ban raina ta ba: zurfin ɗakin shi ne ya ba da damar ɓuya a ƙarƙashin tebur, da zagaye kuku ta bayansa, da laɓewa cikin kwali kana kallon yatsun Mai Gadi suna wucewa. In ka cire zurfin ka cire rabin tsoron. Na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa dole sai an biya wannan da faɗuwar banza. Ana iya barin ɗaki da zurfinsa, a sa ƙafar yarinya ta manne wa katako in ta hau shi, a sa tsalle ya nemi igiyar da kowa ya san ita ake nufi. Ba wanda ya sayi wasan nan domin a jarraba iya tafiyarsa a kan bututu. Abin takaici, da kashi na biyu ya fito a Fabrairun 2021, da sabon yaro mai suna Mono da birni mai cike da talabijin, ya fi na farko faɗi da kyau, amma ya taho da tsohuwar cutar, ya ƙara mata faɗa da guduma mai nauyi wadda saranta ke sauka a makare.

Game da gajartarsa, wadda mutane da yawa suka yi kuka da ita, ni ban ga aibu ba. Na gama shi cikin kusan awa huɗu, kuma wasan da kansa yana da lambar yabo ga wanda ya ƙare shi cikin ƙasa da awa ɗaya ba tare da ya mutu ba. Ga ma'aikacin da ke isa gida bayan isha'i saboda cunkoson hanyar Nyanya ko Kubwa, wasan da za a gama a dare biyu alheri ne. Ƙorafina a wani wuri yake. Bayan fitarsa an sayar da ƙarin babi uku daban, Secrets of the Maw, tsakanin 2017 da 2018, inda kake bin wani yaro da shi ma yake neman tserewa. A ƙarshensu ne ake nuna Uwargida ta mayar da shi ɗaya daga cikin 'yan halittun nan masu tsinin kai, ya ƙare a ɗakin da naman nan yake. Wato abin da ya ba wa mafi nauyin fage a wasan cikakkiyar ma'anarsa, an ware shi an sa masa kuɗi na dabam. Wanda zai saya yau ya nemi bugun da ya haɗa duka.

Washegari na koma wa abokina da amsa. Hukumar tantance wasanni ta Turai, PEGI, ta sa wa wasan shekara 16, ta Amurka kuma ta sa shi a rukunin matasa daga 13, kuma a wannan karon ina ganin Turawan Turai sun fi kusa da daidai. Ba yawan jini ne abin gudu ba, domin jinin kaɗan ne. Mutumin da ke rataye a farkon wasan, da yaran da ake naɗewa, da abin da Shida ta yi wa wanda ya miƙo mata abinci, su ne abubuwan da ɗan shekara tara zai kwana da su ba tare da yana da kalmomin da zai tambaye ka ba. Na ce masa, "Yallaɓai, yaro dai a'a. Amma kai ka saya wa kanka, a kwamfuta ko a talabijin, ba a waya ba, ka sa abin ji a kunne bayan yara sun yi barci." Ya yi dariya ya ce shi da ya ga tantancewar ma'aikata sau uku, wane dodo ne zai ba shi tsoro. Ranar Litinin ya shigo ofis ya ajiye jakarsa, bai ko gaishe ni ba ya ce, "Wai shi mai dogayen hannayen nan, ta ina ake wuce shi a ɗakin littattafai?" Na ce ya kunna masa talabijin.